Gansakukar Filinge a Marok

'Yan Kurfai na gurup, salamu alaikum. Kun ce na ɓace. Kun ce Illa ya samu Marok ya mance da mutane, wani ma ya rubuta wai an yi min mata Balarabiya. To ga ni. Ku sa wayoyinku a sharji, don yau babban yatsana ba shi hutawa. Tun hwarko za ni ba ku labarin, wanda yag gaji shi tahi shi sha hura shi dawo.

Ga waɗanda ba su sani ba, masta nike yi kan gansakuka. E, gansakuka dai, koren nan da ke ruhe tabki bayan damana. Akwai ƙananan da ido ba ya gani sai da mikroskop. In ka zuba su cikin ruwan ƙazanta na gari, na kwata da na masai duka, sai su ci dauɗar su yi yawa. Ruwan shi rage ƙazanta, kai kuma ka tace koren ka shanya. Busasshen nan shi ake ce ma biyomas, ana taki da shi, ana gas, wasu ma mai suke nema ciki. Karatun ke nan, sauran duk faransanci ne.

Profesar da tak karɓe ni, Madam muke ce mata, ba don kyawona tak karɓe ni ba. Gansakukar labonta, ɗakin gwajinta ke nan, 'yar gata ce, da an hitar da ita basan na waje, tabkin siminti, zahi ya taso sai ta mutu. Ni ko nar rubuta mata cewa bayan garinmu akwai tabkin da ke yin kore shar cikin ranar da jaki ma ke neman inuwa. Tac ce in zo da shi. Ke nan burs ɗina, kuɗɗin karatu, da memuwar ɗina, kundin bincike, da zamana Marok duk suna cikin kwalba guda, wadda nac cika da hannuna bakin tabki nan naɗe cikin tuhwahina.

Kazablanka

Labarin bankwana kowa ya san shi, mu tsallake. Mu hwara daga hilin jirgi, inda wani ɗan duwan, mai binciken kaya, yab buɗe jakata yat tarar da kwalbar koren ruwa tsakanin wanduna. Yaɗ ɗaga ta sama shina kallo, yak kira abokinai, su biyu suna kallo. Nay yi musu bayani da faransancin lakkwal, na makaranta, mai kyau, har da sunan kimiyya. Babban yab buɗe yas sunsuna, yay yamutsa huska, yat tambaye ni ko maganin ciki ne. Na ga in nac ci gaba da kimiyya nan za mu yini, sai nay yi murmushi kawai. Yam miƙo min kwalbata yac ce Allah shi ba ni lahiya. Nac ce amin, naj ja jakata.

Daga nan tiren, jirgin ƙasa ke nan, wajen arewa, cikin duwatsu. Ban taɓa shiga tiren ba, amma nay yi zama irin na wanda anka haiha ciki. Wata tsohuwa da ke gabana ta gane ni sarai, don duk tashar da munka tsaya sai in miƙe da jaka. Ba ta jin faransanci, ba ni jin larabcinsu. Tak karɓi tikitina tad duba, tay yi min alama da hannu in zamna. Taɓ ɓare lemu tab ba ni rabi. Da munka kai garin da za ni, ita tat taɓa min gwiwa.

Ɗakin da ba taga

Tun ina Yamai nas samu wani dillalin ɗakuna ta waya, su samsar suke ce musu. Ya aiko min hoton ɗaki mai balkon, wato baranda, rana na shigowa har bisa gado. Don kwalbata naz zaɓe shi, gansakuka sai da haske. Na aika mai abin kamu tun kahin in taso.

Yat tarbe ni da rungume-rungume, yak kai ni wani gida, yab buɗe ƙohwa ƙarƙashin matakala. Ɗaki ne kamar rumbun da anka kwantar. Ba balkon, ba taga, ko huda guda babu. Nan nuna mai hoton cikin waya. Yac ce ai wancan ɗakin na sama ne, wani ɗan'uwanai na ciki, gobe in sha Allah za shi tashi. Gobe ta zo, ɗan'uwan bai tashi ba. Daga baya naj ji duk baƙon da yaz zo hoton nan ake aika mai.

Abu na biyu, Madam ta tahi taro wata ƙasa, labo ruhe. Sai naz zama mai renon kwalba. Da sahe in hito da ita bakin hanya, in kwance murhin, in zamna kusa da ita muna shan hantsi kamar tsohwahhi biyu. Masu wucewa su kalle ni, su kalli kwalba. Kowa "mon ami" ke ce min, wai abokina, amma ba wanda yat tambayi sunana. Abin nan ya hi sanyi ci min rai. Gida ko kare ka bi sai wani ya tambaye ka ɗan gidan wa ne kai.

Sai hadari yas sauka. Ba irin namu mai zuwa shi zuba shi wuce ba, wanga zamnawa shike. Sama toka-toka, yayyahi ba tsayawa, sanyi har cikin haƙora. Kwalba tah hwara komawa rawaya. Nas sa mata hitilar waya, nar rungume ta cikin bargo, nay yi duk dabarar da nas sani. Tak koma ruwan ƙasa.

Ran Juma'a bayan salla ina waya da Yaya Zali bakin masallaci, sai naj ji an dahwa min kahwaɗa. Wani dogo baƙi yac ce min da hausar Zabarmawa, "Kai, Bakurhwaye, mi kake yi nan?" Shi ne Gran Sumaila, ɗan Baleyara, shina dokta kan lissahi, ya daɗe garin. Yaz zo yag ga ɗakina, yaɗ ɗauki jakata bisa kai. Gidansu ɗalibai ne cike, anka shimhiɗa min katihwa cikin salon, wato hwalo. Mun koma wajen samsar tare, mutumin yar rantse bai taɓa ganina ba. Gran yaj ja hannuna munka hito, yac ce kala suru, sai haƙuri ke nan da zabarmanci. Ranar nac ci tuwo da miyar kuka, tuwon garin alkama ne amma ban yi gardama ba.

Labo

Da Madam tad dawo nak kai mata kwalba. 'Yar gajera ce, mai hwarin gashi, ba ta da yawan magana. Taɗ ɗiga ɗigo guda ƙarƙashin mikroskop, tad daɗe tana dubawa, sannan tam matsa tac ce in duba da kaina. Gawarwaki ne. Ba abin da ke motsi sai ƙwayoyin ruɓa.

Ba ta yi hwaɗa ba, tah hwaɗa min gaskiya tirankil, cikin natsuwa. Gansakukar labo an riga an raba ma wasu ɗalibai, ba wani suje, wato batun bincike, da yar rage. Ni don tawa anka kawo ni. Gwajin kuma sai cikin zahi, ke nan dole iri shi kasance hannu, mai rai, kahin ƙarshen watan Maris. In babu, za ta rubuta ma masu burs cewa aikin bai yiwu ba, in koma gida.

Ina tsaye ina tunanin yadda za ni sauka tashar Filinge hannu wohi, bayan Baba ya gama shaida ma duk sahun masallaci cewa ɗanai na karatun ruwa ƙasar Larabawa. Sai tat tambaye ni ko tabkin namu na ƙahewa. Nac ce ƙwarai, har ƙasa ta tsattsage a yi hanya ta ciki. Tat tambaya, to da ruwa ya sauka wa ke zuwa shi zuba mai kore? Tac ce suna nan kwance cikin busasshiyar laka, barci suke, ruwa suke jira. In sa a kankaro min ɓawon lakar a aiko, ta hi kwalba jure tahiya.

Wallahi da nah hito ji nay yi kamar in yi gudu. Tun bisa matakala nay yi ma Inna wokal, saƙon murya, nac ce don Allah a ɗebo min busasshiyar lakar bakin tabki, inda ruwa yaj janye, cikin tahin hannu biyu ya isa, a ba duk mai zuwa.

Istasiyon

Kahin saƙo shi zo Madam tas sa ni taya sauran ɗalibai aiki istasiyon, can bayan gari inda duk ruwan ƙazantar garin ke taruwa. Can basan ɗinmu suke, 'yan tabkunan siminti masu tsawo, kowane da injin da ke kaɗa ruwa a hankali. Aikina in ɗebo ruwa da bidon, jarka ke nan, in tace, in auna, in wanke kwalabe.

Warin wurin ba ni iya rubuta muku shi. Satin hwarko ko burodi ba ni iya ci. Ga maganar salla. Ruwan najasa ne, ko ƙaƙa ka kiyaye sai ya hwallatsa maka. Nar raba tuhwahina biyu, na aiki da na salla, na sallar cikin leda ɗaure bakin ƙohwa. Azahar na yi in tuɓe, in wanke har gwiwar hannu da sabulu, in canza, in yi salla, in sake canzawa. 'Yan aji sunka sa min suna manekan, mai tallan tuhwahi, wai na hi amarya canza kaya. Daga baya biyu cikinsu sunka hwara zuwa da tasu ledar.

Gida ko ba wanda ke son jin wanga ɓangaren. Na hwaɗa ma Baba ruwan masai nike aiki da shi, yac ce to madalla, Allah shi yi albarka, karatun ruwa ai abu ne mai kyau. Inna kuma da na kawo zancen sai ta tambaye ni ko ina cin abinci.

Saƙon hwari

Kun san yadda saƙonmu ke tahiya. Daga hannun Inna zuwa direban kar, motar hwasinja, direba yab ba wani ɗan'uwan Gran Sumaila a Baleyara ran kasuwa, shi kuma yak kai Yamai wajen wata ɗaliba da ke komowa Marok daga hutu. Cikin Disamba yak iso, ƙunshi ƙato. Munka buɗe tsakiyar salon, duk gidan an kewaye. Kilishi, yaji, kuka, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa. 'Yan gida sunka hwaɗa ma kilishi, ni ina tono. Can ƙasa nat tarar da ita cikin leda biyu.

Ƙasa ce mai kyau, lallausa kamar garin tuwo, ba tsakuwa ba haki. Tana ɗan ƙamshin hayaƙi, nac ce na kilishi ne ya kama ta. Nak kai labo da gudu, munka zuba cikin kwalabe da ruwan abincinsu, munka jera gaban hitila.

Kullum da sahe ni ne na hwarko bakin ƙohwar labo. In duƙa, in leƙa, in ɗaga kwalba wajen haske. Ruwa garau. Sati ya wuce, wani ya bi, sabuwar shekara ta shigo, ruwa garau. Sanyi ya kai inda ba ni jin yatsuna. Gran yab ba ni wata tsohuwar rigar sanyi tasa mai kai min gwiwa, ina yawo cikinta kamar buhun gawayi.

Wata rana Madam taɗ ɗebi ƙasar tad duba da kanta. Tac ce abin ya ba ta mamaki, ƙasar tabki ko da gansakuka ba ta tashi ba ya kamata a ga wani abu, ko tsutsa ko ƙwaro ko ɗan haki. Wagga ko kamar an hito da ita daga tukunyar kashe ƙwayoyi ta labo. Tat tambaye ni ko na dahwa ta. Nac ce ni? Allah shi kiyaye.

Nah hita nak kira Yaya Zali. Ita ce babbarmu, malamar lakkwal ce a garin Damana, ƙarshen sati take zuwa gida. Nat tambaye ta wa yaɗ ɗebo lakar, kuma mi anka yi mata. Sai tah hwashe da dariya har tana tari. Da ƙyar nas samu labarin.

An ɗebo laka bakin tabki, daidai yadda nac ce. Da anka kawo gida Inna tad duba tag ga kashin awaki ciki, da haki, da sawun kohwaton shanu. Tad daka ta cikin turmi, tat tankaɗe da rariya. Taw wanke, tat tsiyaye, tas sake wankewa har ruwan yah hita hwari. Tas shanya bisa tabarma. Sannan don kada ƙwari su bi ni ƙasar mutane, taz zuba cikin kasko tas soya ta bisa wuta, yadda ake soya yashin gyaɗa. Yini guda tay yi kan aikin.

Naz zamna bisa dakalin labo cikin rigar Gran. Dariya na son hita, kuka na son hita, ba wanda yas samu hanya. Nac ce Yaya ta ba ni Inna.

"Inna, ina wuni. Lakar nan, ashe soya ta kinka yi?"

"To da hwa? In aika maka kashin awaki cikin jirgi? Larabawa su buɗe su ce haka mutanen Filinge suke?"

"Inna, kashin awakin nike so. Abin da ke ciki mai rai ne, kamar irin hatsi. In an soya iri, shina tsira?"

Kaji na kuka ta bayanta. Can tac ce, a hankali, "Ke nan na kashe maka su."

Nac ce ba komi, akwai sauran lokaci. Gaskiya lokacin bai da yawa, kuma ban san wani mai zuwa ba.

Bakin tabki

Ran Asabar Yaya Zali tat tahi da kanta, tak kira ni ta bidiyo. Rezo, wato layin waya, na zuwa na tahiya, huskarta na tsayawa baki buɗe. Amma na ga tabkin. Ya ƙahe ƙaf, ƙasa ta tsattsage, ga gawon nan na bakin hanya, ga shanu can nesa. Ban san ina kewar wurin nan haka ba sai da nag gan shi cikin tahin hannuna.

Yaya ta zo da takalmin zuwa lakkwal, tana tahiya tana mita, wai ita da diplom ɗinta na sa ta kwasar kashin shanu. Nac ce ta yi tsakiya, inda ruwa yay yi zaman ƙarshe. Can ɓawon ya yi duhu-duhu, ya nannaɗe kamar sakaina. Nac ce wannan, saman kawai, kada ki hure, kada ki tsince komi. Inna ta hana a taɓa mata ko ludayi guda, da murhin gwangwani Yaya ke kankara. Wani makiyayi yat tsaya jingine da sanda shina kallonta. Yat tambaya ko wani abu ya ɓace mata, tac ce hankalin ƙanena.

Da taj juya wayar nag ga Inna. Ashe ta biyo ta. Tana tsaye can bakin gaɓa, nesa, da mayahi bisa hanci. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗiyar hwari ce, sai naj ji tana cewa, "Ke, ƙara mai na wajen can, ya hi baƙi."

Sharaɗi guda tas sa. Ba ta taɓa lakar, ba ta gyara ta, amma ba ta barin ta tahi tsirara. Taɗ ɗinke ledar cikin hwarin ƙyalle sabo, ɗinki mai kyau kamar laya. Kuma duk mai ɗauka za a ce mai magani ne.

Kazablanka kuma

Mai ɗauka yas samu cikin Fabrairu. Wani Alhaji ne ɗan Sanam, abokin kawunmu, mai zuwa sarin jallabiyoyi kahin azumi. Garin da nike karatu bai kan hanyarsa, sai ni nas shiga tiren naj je Kazablanka. Wannan karon ban miƙe ko tasha guda ba.

Nat tarar da shi wani ƙaramin otel kusa da kasuwa, zamne tsakanin ɗaurin kaya, dattijo mai hwarin gemu. Nad durƙusa munka gaisa, yat tambayi karatu, yat tambayi sanyi. Sannan yas sa hannu aljihun ƙirji, inda paspo ɗinai shike, yah hiddo ƙunshin da hannu biyu. Yac ce tun Filinge bai yarda ya sa shi cikin kaya ba, ko cikin jirgi bisa ƙirjinai shike. Yad dube ni sama da ƙasa, yar rage murya.

"Ɗana, mi ke damunka? Mahaihiyarka ba ta hwaɗa min ba, ni kuma ban tambaya ba."

Na so in ce ciwon ciki in wuce. Amma mutumin ya ɗauko abin nan bisa zuciyatai tun daga gida.

"Alhaji, lahiyata lau. Lakar tabki ce."

"Wace laka?"

"Ta bayan gari, inda shanu ke sha."

Yad dubi ƙunshin, yad dubi aljihunai. Nay yi mai bayani duka, tun daga kwalba har kasko. Shina saurare. Da nak kai wajen suya sai kahwaɗunai sunka hwara rawa, yay yi dariya har yac cire hula. Yac ce shekarunai nawa shina ɗaukar saƙon mutane, ya kai zuma, ya kai kuɗɗin sadaki, ya taɓa kai ma wani haƙoran roba, amma yau ya kai ƙarshe. Yas sa anka kawo muna tajin munka ci. Da za ni tahi yab ba ni jallabiya guda mai kauri, yac ce in sun tsira a shaida mai, tunda shi ma yanzu da hannunai ciki.

Labo kuma

Nah hwarke ɗinkin Inna bisa tebur. Ɓawon laka ne baƙi, da haki, da 'yan ƙwallayen awaki guda-guda. Madam tad duba tac ce wala, yauwa ke nan da faransanci, wagga ita ce ƙasa.

Da naz zuba ruwa bisa gutsuren hwarko, wani ƙamshi yat taso. Kun san shi. Ƙamshin ruwan hwari, ranar da hadari ya sauka bayan dogon rani, kowa ya hito da kalme za shi gona. Cikin labo, tsakiyar sanyin Marok, Filinge tat taso min cikin hanci. Naj juya baya ina gyaran kwalaben da ba su buƙatar gyara. Madam ta gani, tah hita wai za ta amsa waya.

Munka jera kwalabe gaban hitila, da guda wadda ba mu sa ma laka ba don shaida. Sai jira kuma. Maris ya kama. Na daina ɗaga kwalba, tsoro nike. In shigo, in kalle su ta wutsiyar ido, in wuce istasiyon. Gran ya lura ba ni cin abinci sosai, sai shi riƙa turo min nama gabana. Inna ko ta daina tambayata ko ina ci. Wokal ɗinta duk gaisuwa ce, sannan ta kashe.

Wata sahiya ina rataye riga, nag ga kamar wani zare bakin ruwan kwalba ta uku, inda ruwa ke taɓa gilashi. Nac ce idona ne. Nat tahi naw wanke huska nad dawo. Zaren na nan, kore, siriri kamar an ja da alƙalami.

Ban taɓa ba, nat tsaya bakin ƙohwa har Madam taz zo. Tad dubi kwalbar shaida tukuna, garau take. Sannan taɗ ɗiga ɗigo tad duƙa bisa mikroskop. Ta daɗe.

"Ba na labonmu ba ne," tac ce. "Iliyas, zo ka gaida mutanen garinku."

Nad duba. Ga su nan, 'yan ƙwallaye kore shar, wasu bibbiyu manne, wasu na rabuwa ina kallo.

Sauran aiki ne, ba ni gajiyar da ku. Mun ware su, mun ciyar da su, mun saba musu da ruwan istasiyon kaɗan-kaɗan. Ashe 'yan garinmu ba su da ƙyama, sun ci sun yi ɓul-ɓul. Munka hitar da su basan na waje. Satin da yaw wuce iskar zahi tat taso daga hamada, irin wadda Larabawa ke ruhe shaguna su kwanta. Basan ɗin 'yan aji sunka koma rawaya ɗaya bayan ɗaya. Nawa kore har shina ɗaukar ido, su nan ne ma sunka ji kamar gida. Shekaranjiya nat tace na hwarko nas shanya, biyomas ɗina, ɗan gari kore mai ƙarni cikin tahin hannu. Jiya Madam tas sa hannu, burs na ci gaba, sutnans, ranar da za ni kare aikin gaban malamai, bayan hutu. Alhaji na shaida mai, yac ce a gaida su.

Da la'asar nak kira gida ta bidiyo daga bakin basan, Yaya ta riƙe ma Inna waya. Naj juya mata ruwan, injin na kaɗa shi, kore tun daga nan har can. Tam matso da huska har hancinta ya cika min waya.

"Su ne waɗanga?"

"Su ne, Inna."

"Duka daga ɗan ƙunshin nan?"

"Daga shi."

Tad daɗe tana kallo. Tac ce alhamdu lillahi, tas sake cewa. Sannan tag gyara ɗaurin kallabi, taj juya wajen Yaya.

"Ke kin gani ko. Lakar bayan gari ta shiga jirgi ta tahi Marok, har an gina mata wurin zama. Ni ko Yamai sau guda nat taɓa zuwa."

Nac ce Inna, sutnans bayan hutu ne, kuma ana barin iyaye su shiga. Tac ce in bari ta yi shawara da Baba. Amma Yaya ta rubuto min yanzun nan, wai tun da munka kashe waya Inna ke tambaya ina ake yin paspo.